Ɗorawar Gwaggo Hansai

Samarin yanzu in suka ji an ce na ƙare ƙuruciyata a gyaran itatuwan gida, sai su yi murmushi. Kwanan baya wani daga cikinku ya tsaya a ƙofar gidana nan Kiru, ya ɗauro injin yankan katako a bayan babur. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba Idi, wai da gaske a da har koyon saran itace ake yi? Ai duk mai hannu ya iya." Na ce masa kayar da itace kam kowa ya iya, gara ma tana yi, kuma ba ta je gidan kowa koyo ba. Namu aikin shi ne itace ya ci gaba da tsayuwa a tsakar gida, ana shan inuwarsa ana cin 'ya'yansa, mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa kuma su wayi gari lafiya. Tun da kun ce abu ne mai sauƙi, ku gyara zama ku ji.

A hannun ƙanin mahaifina, Baba Tanko, na koya, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, lokacin gyaɗa tana tashe. Shi asalinsa masassaƙi ne. Da rani turmi yake sassaƙawa da taɓarya da kujerar mata, amma da zarar zafin bazara ya kankama sai ya rataye gizago ya ɗauki igiya, mu shiga bin gidaje daga Kiru zuwa Yako, wani lokaci har Bebeji. Mutane suna ce mana wanzaman itace, don tsokana. Shi dariya yake yi, ya ce ya yarda da sunan, ai bai taɓa ganin wanzamin da ya cire wa mutum kai don suma ta yi yawa ba. Na daɗe a hannunsa ban hau ko reshe ɗaya ba. Wasa gatari, naɗe igiya, da kallo, su ne aikina, in na yi ƙorafi ya ce wanda bai iya kallo daga ƙasa ba, in ya hau sama faɗowa kawai zai koya.

Aikin da ya fara buɗe mini ido wata tsamiya ce a gidan wani marini a Bebeji. Ƙosasshiya, ganye shar, duk wanda ya gan ta zai ce sai ta ga jikokinmu. Baba Tanko bai ko ɗaga kai ya dubi ganyen ba. Ya juya gatari, ya riƙa bugun gindin da ƙeyarsa yana zagayawa, ya ce in kasa kunne. Ta gefe ɗaya ƙarar a cike take fita, dim, dim. Da muka iso inda matan gidan suka kafa murhu a jikinta, sai ta koma kamar ana ƙwanƙwasa tulun da ba ruwa. Wutar girki ta daɗe tana cin cikinta, ɓawo ne kawai ya rufa mata asiri. Ranar ya ce mini kada in sake in yarda da ganye, don itace yana iya mutuwa rabi ganyensa bai sani ba.

Daga ƙasa ake farawa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka yawanci yamma itace yake faɗuwa. In ka shiga gida, ka fara duba abin da ke yammacinsa, ɗakin kwana ne, rumbu ne, ko turken jaki. Sannan ka koma ta gabas ka dubi ƙasa, ko ta tsage ko ta kumbura, don saiwoyin wannan gefen ne ke riƙe da shi in iska ta turo. Bayan nan ka bi jikinsa. Ka nemi hanyar gara, ka nemi inda tururuwa ke fitar da garin icce, ka dubi inda manyan rassa suka rabu ko ruwa yana kwanciya a wurin, ka ga ko kauci ya hau yana shanye shi. Galibi masu gida da hannunsu suke kashe itacensu ba su sani ba. Wani ya haƙi ƙasar yaɓe a gindinsa ya datse saiwa. Wani ya bar masu magani su yi ta sassaƙar ɓawon maɗaci har su zagaye shi. In ka gaya masa ya ce ai haka ya tarar ana yi.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai babban gatari na ƙasa, akwai barandami da ake hawa da shi don ba shi da nauyi, sai adda, sai igiyar rama wadda mu muke tufka abarmu da kanmu. Komai namu ana iya ara ban da igiyar nan, don ranka a jikinta yake. Daga baya Baba Tanko ya sayo wani ɗan zarto a Kano, yana lallaɓa shi kamar ƙwai, ba ya fito da shi sai aiki ya matse. In za ka cire reshe, ta ƙasansa za ka fara sara, sannan ka dawo ta sama. In ka fara ta sama, nauyinsa zai ja shi ya yage ɓawo har gindi, ka bar wa itacen ciwon da ba zai warke ba. Bakin saran kuma a karkace ake barinsa don ruwa ya zurare, a shafe shi da laka da aka kwaɓa da kashin shanu. Wannan na ƙarshen ma a wajen wani Bafillace na ƙara fahimtarsa, can wajen Burumburum. Su da suke saran gawo suna ba shanu ganye kowace shekara, sun san inda za a sara itace ya sake tohowa fiye da yawancin manoma.

Masu kiranmu kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a ƙasa hannu a ƙugu yana nuna maka reshen da za ka taka. Akwai wanda iccen girki yake so, sai ya kira shi gyara, kana sara yana cewa ƙara wancan. Waɗanda suka fi kowa sanin itacen gida tsofaffin mata ne, don su suke wuni a gindinsa. In aka yi mana iso matan gida suka shige ɗaki, tsohuwa ita ba ta tashi, sai in durƙusa in gaishe ta in tambaye ta. Ita za ta ce maka in iska ta kaɗa ta nan yake kuka, ko ta ce bana wancan reshen ya makara wajen toho. Lada kuma ba wani abu ba ne, damin dawa in kaka ta yi, da iccen da muka sare. Sai doka ɗaya da ba a karyawa. Ba a sa wa itace ƙarfe sai mai shi ya faɗa da bakinsa. Kuma ku sani, a ƙasarmu mai gida daban ne, mai itace daban, don itace gado ne, ana raba shi kamar gona.

Sai shekarar iska ta zo. Lokacin gwiwa ta riga ta hana Baba Tanko hawa, aikin ya dawo hannuna. Hadarin farko na daminar nan da la'asar ya taso, ruwan ma bai taka kara ya karya ba, iska ce zalla. Ta kwashe jinkaye, ta tuge itatuwa, a wani ƙauye wajen Ɗansoshiya kuma wani rimi ya faɗa kan ɗaki ya kashe mace da 'ya'yanta. Na je na ga rimin da idona. An daɗe ana ɗibar ƙasar gini ta gabashinsa, duk an datse saiwoyin. Amma wa zai tsaya jin wannan? Abin da mutane suka riƙe shi ne itace ya kashe mutane.

Daga nan kowa ya tsani itacen gidansa. Wanda ya samu masu sara ya kayar. Wanda nasa ya fi ƙarfin gatari sai ya zagaye ɓawon, ko ya tara kara a gindi ya cinna wuta, ya bar shi a tsaye a mace, wanda shi ne ma ya fi hatsari. Ana kirana, amma ba gyara ake so ba. Wanda na buga na ji ruɓaɓɓe ne, na kayar da shi ban ce uffan ba. Lafiyayye kuwa sai in ce a nemi wani. Da aka gaji da taurin kaina aka daina kirana. Ga shi ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, hatsi bai yi ba. Na koma sassaƙa, icce a yashe ko'ina kamar banza, amma ba mai sayen turmi don ba abin dakawa. Gidana mun sha kunun kanwa tsululu har ya ishe mu. Duk da haka ban kayar da lafiyayyen itace ko ɗaya ba.

Da bazara ta zagayo, mai unguwar wani ƙauye kusa da Yako ya aiko a kira ni. Rigima ce a kan wata ɗorawa a gidan wani manomi mai suna Sale. Da can wurin gonar kakansa ce. Da aka raba gado filin ya faɗa rabon mahaifin Sale, ɗorawar kuwa ta faɗa rabon ƙanwar mahaifin nasa, Hansai. Daga baya aka gina gida a filin, ɗorawa ta zama a tsakar gida, amma tana nan ta Gwaggo Hansai. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, tana zaune a wata unguwa hayin rafi. Da itacen nan take ci. Kalwar ta yi daddawa ta sayar, garin ta dama, kwasfar ma masu daɓe suna saye. Ba ta da gona, ba ta da akuya, ɗorawar ce kawai. Shi kuwa Sale ya rantse ba za ta ga wata daminar a gidansa ba, har ya tara kara a gindinta.

Na same su a zauren mai unguwa. Bayan gaisuwa Sale ya fara.

"Malam Idi, ni ba rigima nake nema ba. Tun bara, in gabas ta yi baƙi matata ba ta iya haɗiye tuwo. 'Ya'yana a ƙarƙashin abin nan suke kwana. Gwaggo tana can gidanta, ba a kanta zai faɗo ba."

Tsohuwar tana zaune daga bakin ƙofa, 'yar ƙarama, ta lulluɓe da zane baƙi. Ta ce, "Kun ji shi ko? Itacen da ubansa ya yi rarrafe a gindinsa. Tun kafin a haife ka take tsaye, wa ta taɓa kashewa? Sale, in za ka ƙone ta, ka haɗa da ni, ka huta gaba ɗaya."

Mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Idi, ka je ka duba mana tsakaninka da Allah. In ta sarewa ce, ni zan kai magana wajen malamin daji, mai kula da itatuwa na hukuma, a ba da izini. In ba ta sarewa ba ce, ka faɗa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani shi zan faɗa, ko bai yi wa kowa daɗi ba."

Haka kuwa aka yi, bai yi wa kowa daɗi ba. Na ture karan na buga gindin ta kowane gefe, a cike yake kamar dutse. Ƙasar gabas lafiya lau, ba tsaga ba rami. Da na hau sai na tarar da matsalar. Babban reshen da ya miƙa yamma, wanda ya rufe ɗakin matar Sale, a inda ya rabu da uwar itacen akwai wani ɗan rami da ganye ya toshe. Na tone shi, na zura hannu, hannuna ya shige har kafaɗa cikin ruɓaɓɓen icce mai ruwa. Kuma reshen nan shi ya fi kowanne 'ya'ya. Sun yi jere suna reto, sun cika amma ba su nuna ba.

Na sauko na ce itace lafiyayye ne, ba zan kayar ba, amma reshen yamma dole ya sauka, kuma yanzu. Sale ya ce shi bai san wani reshe ba, duka yake so. Gwaggo Hansai ta ce ba mai taɓa mata ko ganye sai 'ya'yan sun nuna.

Na ce, "Gwaggo, shamuwa ta riga ta sauka. Jiya ma an yi walƙiya. Reshen nan ba zai jira ki ba."

Ta ce, "Ɗan nan, kwana kaɗan ne ya rage. Wanda ya tsayar da shi bara zai tsayar da shi bana." Ta ja zanenta ta tafi.

Ba ta ce a sara ba, saboda haka ba ni da ikon sara. Sale kuma ya mayar da karansa gindin, ya ce in Juma'a ta wuce ba a yi komai ba zai cinna wuta, a kai shi duk inda za a kai shi. Na san zai aikata, don mutum ne da tsoro ya cika masa ciki, ba mugu ba ne. Na kuma san in aka bar reshen nan hadari ya karya shi a kan ɗaki, to ba ɗorawar kaɗai za ta tafi ba, duk ɗan abin da ya rage a tsaye a ƙauyukan nan sai an kayar.

Washegari da hantsi na koma na sake hawa. Na kwaso ruɓaɓɓen iccen nan cikin ƙoƙo, na tsallaka rafi na tafi gidanta. Na same ta tana kaɗi a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ban yi dogon bayani ba, na ajiye ƙoƙon a gabanta na ce daga cikin reshen na ɗebo. Ta ajiye mazari, ta damƙi abin a hannu ta matse, baƙin ruwa ya biyo yatsunta. Ta kai hanci ta shinshina.

Ta ce, "Har ina ya kai?"

Na nuna mata kafaɗata.

Ta ci gaba da murza shi a tafin hannu. Can ta ce, "Ka san reshen nan shi ne rabin abincina?"

"Na sani, Gwaggo."

"In ka sare shi, sauran za ta rayu?"

"Da yardar Allah za ta fi ki daɗewa, ta fi ni."

Ta goge hannu a ƙasa. Ta ce, "To je ka sare. Amma ina wurin, a kan idona za a yi."

Aikin nan ya ci mini wuni guda, kuma ban taɓa yin wanda ya fi shi wuya ba. Reshe ne mai kaurin jikin bijimin sa, ga jinkar ɗaki a ƙarƙashinsa, ba damar a sake shi ya faɗi. Daga ƙarshensa na faro. Kowace gunduwa sai in ɗaure ta da igiya, in ratayo igiyar ta wani reshe na sama, maza a ƙasa su riƙe, in sara, su sassauta a hankali su janye ta gefe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni kaina a kan ruɓaɓɓen reshen nake zaune, duk sara ɗaya ina jin yana amsawa a ƙarƙashina. Na ɗaure ƙuguna da uwar itacen na ci gaba. Da na iso gindin reshen, barandami ya shige kamar cikin kabewa. Abin da ke riƙe da duk nauyin nan bai fi faɗin tafin hannu ba, na kira Sale ya zo ya gani. Na kwashe ruɓar har na kai ga farin icce, na karkata bakin, na shafe da laka. Sannan na bi sauran rassan na rage musu cunkoso, na cire kauci da busassu, don iska ta samu hanyar wucewa.

Duk wunin nan Gwaggo Hansai tana zaune a kan tabarma tana kallo. Ɗanyun 'ya'yan ɗorawa suka cika tsakar gida. Ta riƙa jawo su ɗaya-ɗaya tana ɓarewa ko za ta samu wanda ya ɗan ƙosa, tana jefarwa. Daga baya aka saki awaki suka hau kai. Na ji tausayinta ƙwarai.

Da na sauko, Sale ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Har yanzu tana da girma."

Na ce, "Girma ba ciwo ba ne. Abin da zai faɗo ya sauka."

Ya ce, "Bakinka ne ya faɗa, Malam Idi, kuma kai gidanka za ka tafi. In ka tabbata, ran da hadari ya taso ka zo ka zauna a gindinta har ya wuce. In ka zauna, na bar maganar. In ka tashi, ko ba ka zo ba, wuta."

Mai unguwa ya ce wannan ganganci ne, ba a wasa da hadari. Gaskiya ya faɗa, kuma ban ce waninku ya gwada ba, don ko itace bai faɗi ba akwai tsawa. Amma na dubi karan nan da ke jibge, na dubi tsohuwar, na ga ba wata hanya da za ta cire wa mutumin nan tsoro. Na ce na yarda, da sharaɗin in na zauna, shi da hannunsa zai kwashe karan, kuma ba zai ƙara tayar da zancen ba. Ya ce ya ji. Mai unguwa da mutanen da suka riƙe igiya suka zama shaidu.

Daga ranar ban yi nisa da ƙauyen ba. Na tare a gidan wani abokina ina taya shi sharar gona, idona yana gabas. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. 'Ya'yan da suka rage a sauran rassan suka nuna, har ana shirin kaɗa su. Sai wata rana bayan azahar gari ya yi tsit, zafi kamar a tukunya, gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Na yar da fartanya na ruga. Na tarar Sale ya kwashe iyalinsa ya kai su zaure, shi yana tsaye a bakin ƙofa. Na wuce na zauna a gindin ɗorawar ta yamma, inda za ta faɗo in faɗuwar ce, na jingina bayana da ita.

Iskar farko da ta bugo sai da na ji itacen ya motsa a bayana. Wanda bai taɓa jingina da babban itace cikin hadari ba bai san yana numfashi ba. Yana tafiya yana dawowa, kana jin ƙara daga can cikinsa. Ganye da ƙananan rassa suka riƙa zubo mini. Jinkar wani rumbu ta tashi ta wuce ta kan danga. Na ji tsoro, tsoro na gaske, bakina bai daina salati ba. Amma na dafa ƙasa da hannu biyu, don in saiwa za ta saki a ƙasa ake fara ji, kuma ƙasar nan ko gezau. Na ji Sale yana ƙwala mini kira daga zaure.

"Malam Idi! Taso! Na yafe, taso!"

Na ɗaga masa hannu na ce a'a. Na san in na tashi, ko ya yafe yau, gobe in gabas ta yi baƙi zai tuna cewa na tashi. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta dukana, iskar ta fara sassautawa. Ina nan zaune har ya koma yayyafi.

Sale ya fito cikin taɓo, ya zo ya tsaya a kaina. Ya dubi sama, ya dubi ɗakin matarsa, ko tsinke bai zame daga jinkar ba. Ya miƙo hannu ya tashe ni, ya ce, "Kai dai akwai taurin kai." Sannan ya sunkuya ya rungumi jiƙaƙƙen karan nan, ya riƙa kwasa yana kaiwa bayan gida.

Bai gama ba sai ga Gwaggo Hansai. Ashe tun da ruwa ya fara tsagaitawa ta fito, ta tsallako rafin nan da ruwa har gwiwa, zanenta sharkaf. Ba ta yi sallama ba, ba ta gaishe da kowa ba, tsohuwar da ko yaro ba ta wucewa ba ta tanka masa ba. Ta wuce kai tsaye ta dafa itacen, ta ɗaga kai tana ƙirga rassan da ido.

Iska ta kaɗo nunannun 'ya'yan da yawa, sun warwatsu cikin taɓo ko'ina a tsakar gida. 'Ya'yan Sale suka fito daga zaure da gudu za su wawashe. Ya daka musu tsawa.

"Kada wanda ya taɓa! Na Gwaggo ne."

Ya shiga ya ɗauko kwando, ya durƙusa cikin taɓon, magidanci da gemunsa, yana tsinta ɗaya-ɗaya. Da ya cika ya kawo ya ajiye a gabanta, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Ya ce, "Gwaggo, ruwa ya ɓata su."

Ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta murza da babban yatsa, baƙaƙen ƙwayoyin suka fito suna ƙyalli.

Ta ce, "Garin ne ya jiƙe. Kalwar tana nan. Ɗauko wani kwandon."